Ɗaki Ɗaya a Tsibiri

Ni dai tun farko ban yarda da maganar ba. Mutum yana zaune lafiya a gidansa, kaka ta yi, an fara shigo da dammunan gero, sai a zo a ce masa ya tashi a kai shi tsakiyar teku ya huta. Wa na gaya wa na gaji?

Ɗiyata ta fari ce ta zo da zancen. Ta taso daga Yamai wata Asabar ita kaɗai, ba miji ba ƴaƴa, ta iske ni a tsakar gidana a Cadawa ina ɓarar gujiya. Ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa ina kallon kwando. Ta sha ruwa, ta yi salla, sannan ta jawo tabarma kusa da ni fiye da yadda ta saba. Nan na fara sa mata ido.

Sai na yi bayani, don ƴan yanzu ba lalle su gane ba. A gidan da na tashi a Tibiri, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ma wani ne zai ɗaga shi. Kunya ce, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini ita, haka na taso na gani. Da aka yaye yarinyar, yayata da ke aure a Gidan Rumji ta zo ta goye ta ta tafi da ita, can ta girma, can aka yi mata aure. Yayata take kira Inna. Ni kuwa Malama take ce mini, yadda duk garin ke faɗa, domin na yi shekaru ina koyarwa a lakol, a Gangara da nan Cadawa, kafin in aje aiki. In zan ambace ta sai in ce "ta Gidan Rumji". A aji ma, in akwai mai sunanta, ba na kiran sunan. Sai in ce "ke ta bakin taga", yaran su yi ta dariya. Na yi boko, na san lissafi, na san inda teku take a taswira, amma wannan abu boko bai taɓa shi ba.

To ita ce yau ta matso har gwiwarta na neman taɓa tawa, ta buɗe salula ta ce, "Malama, an ba ni hutu a buro. Ina so mu je wani tsibiri, Zanzibar, kwana bakwai. Musulmi ne mutanen wurin. Ni da ke."

Na ce, "Ke da wa?"

Ta ce, "Ni da ke."

Na ci gaba da ɓarar gujiyata. Ina da ƴaƴa biyar bayanta. Autata in ta zo har cinyata take kwanciya tana mini shagwaɓa. Da ita ce ta faɗi haka, da na yi dariya na ce Allah ya shirye ki. Amma wannan, tun da ta yi wayo ba mu taɓa kwana ɗaki ɗaya ba, ba mu taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba, kuma ta haura arba'in. Me ya tashe ta yanzu? Na saci kallon wuyanta ko ta rame. Na dubi idonta ko ta yi kuka a hanya. Ban ga komai ba, kuma rashin ganin ne ya fi damuna.

Ta miƙo mini salular ta ce ga masaukin. Na goge hannu na karɓa. Wasu bukkoki ne aka kafa bisa sanduna a cikin ruwa, ruwan kore shar, har da gadar katako. Na ce, "Wa zai sauke mu?" Ta ce ba kowa, otel ne. Na ce, "Mai otel ɗin ɗan ina ne? Ya san mahaifinki?" Ta yi murmushi ta ce bai san shi ba. Na ce, to mutumin da bai san mu ba, bai san daga inda muka fito ba, ya ɗora mu a kan ruwa ya koma tudu ya kwanta, in ruwan ya taso wa zai tambaye shi? Ni ko kududdufin bayan gari ban taɓa sa ƙafa ba. Ta karɓi salular ba ta yi musu ba, ta ce za ta nemi wani.

Amma kafin ta karɓa na riga na ga cikin ɗakin. Gado biyu ne, ɗan teburi kawai a tsakaninsu.

Ta koma Yamai washegari. Bayan kwana uku sai ga hotuna sun shigo salulata. Wannan karon ƙaton bene ne a kan tudu, ga itatuwan kwakwa, ga wani kududdufin siminti a tsakar gida. Na sa gilashina na buɗa hoton da yatsu biyu yadda jikokina suka koya mini. Inna lillahi! Turawa ne kwance a bakin ruwan, maza da mata, abin da ke jikinsu bai kai ɗankwalina ba. Na kira ta na ce, "A nan za ki kai ni in yi alwala?" Ta ce ba dole mu bi ta wajen ba. Na ce ina buta? Ina alƙibla? Naman da za su ba mu wa ya yanka? Ta ce duk za ta tambaya. Na ce kuma ba na hawan bene, gwiwa. Ƙarya nake, gwiwata lafiya lau, ranar ma da ƙafa na je gona na dawo. Na aje salular, na sake ɗauka, na koma hoton ɗakin. Gado biyu, ɗaki ɗaya.

Ƙanen mijina marigayi yana zuwa gaishe ni duk Juma'a bayan masallaci. Shi ne ɗan tafiye-tafiyen gidan, shekara da shekaru yana zuwa Kwatano sayo kaya, don haka na nuna masa. Ya riƙe salular nesa da fuska ya ce, "Iye! Matar yaya za ta zama Baturiya. In kin dawo da cokali za ki riƙa cin tuwo?" Na ce ya rufe mini baki, tsohon banza, shawara na nema. Ya gyara zama ya ce shi dai duk zuwansa bakin teku bai taɓa kwana otel ba. Yana da mai masauki, mutumin Tasawa, wanda ya san ubansa. In ka yi ciwo shi zai kai ka likita, in ka mutu shi zai yi maka sutura ya aiko gida. Ya ce hoton salula kuwa, ya taɓa ganin hoton mota sabuwa fil, da ya je ya iske ko taya babu. Duk wannan na yarda da shi. Sai da ya tashi tafiya, yana sa takalmi, ya ce, "Amma me ya hana mijinta zuwa? Mace ta bar miji da yara ta ɗauki uwa su ƙetare teku? Ki dai bincika."

Allah ya isa tsakanina da wannan tambaya. Ta hana ni cin abincin rana.

Na zauna na yi ta jera abubuwa a raina. Ko auren ne ya tsage, tana so ta kai ni inda ba kunnen kowa ta gaya mini. Ko likita ya gano mata wani abu a jiki, irin wanda ba a faɗa a waya. Ko buron da take aiki za su tura ta wata ƙasa mai nisa, wannan ce sallamar. Ko kuwa, wanda na fi tsoro, tana da magana a kaina ne. Ta tara ta shekara arba'in, za ta rufe ƙofa, ba tsakar gidan da zan fita, ba tukunyar da zan ce bari in duba, ta dube ni ta ce me ya sa na ba da ita. Me zan ce? A gida in magana ta yi nauyi akwai inda mutum zai kai idonsa. A can sai bango da teku.

Ban tambaye ta ba. Uwa ba ta tambayar ɗiyar fari irin wannan. Yayata na kira a Gidan Rumji, na ce, "Yaya, ɗiyarki lafiya take?" Ta ce lafiya ƙalau. Na ce mijin fa? Ta ce jiya ma ya kira ya gaishe ta. Na ce ba ta gaya miki komai ba? Ta ce, "Ta gaya mini za ta kai ki yawon shan iska. Ke kam ba a yi miki alheri sai kin kwance shi kin duba ɗinkin." Na ce ai dole ki faɗi haka, bakinku ɗaya. Na kashe salular da haushi. Na tabbata a raina ta san wani abu tana ɓoye mini.

Wani masaukin ya zo, na ce ƙofarsa gilashi ce, duk mai wucewa zai ga mutum. Aka bar shi. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba a duk wannan, sai dai ta ce, "To, Malama, bari in sake dubawa." Wannan haƙurin ma na sa shi cikin abin zargi. Mutum ba ya haƙuri haka sai yana neman wani abu.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Ina so in je. Wallahi ina so. Tun ranar da ta matso kusa da ni a tabarmar nan wani abu ya motsa mini a ƙirji wanda na daɗe da danne shi. Na ciro fasfona na aikin hajji daga ƙasan akwati na duba, bai mutu ba. Na kai atamfa biyu wajen tela na ce na biki ne. Na sayi sabuwar ƴar buta ta roba mai shiga jaka. Ina tsoron ɗakin nan, kuma ina son shiga cikinsa, duka biyun a lokaci guda.

Ranar wata Litinin da la'asar ta kira. Rezon salula yana yankewa, na fita bakin rumbu inda ya fi kamawa. Ta ce ta samu wuri a cikin tsohon garin, gidan wata dattijuwa ce Musulma da ke sauke baƙi. A ƙasa yake, ba bene. Ƙofar katako ce. Masallaci na bayan gidan. Matar da kanta take girki, kuma an nuna mata butar a waya ta gani da idonta. Ta ce, "Na gaya mata uwata zan kawo, ta ce tana maraba da ke. Yau take so a tabbatar mata, in ya so gobe in sayi tikitin jirgi. In kama?"

Ba abin da ya rage in kushe. Na ce, "Ɗaki nawa?"

Ta ce, "Ɗaya."

Na ce, "Gidan ba shi da biyu?"

Ta ce, "Yana da su. Ɗaya nake so."

Na ce saboda me? Ta ce, "Haka nan, Malama."

Sai na yi abin da duk macen gidanmu za ta yi. Na ce, "Ki tafi da innarki. Ita ta yi wahalarki, ita ta cancanta. Ni me na yi miki?"

A wurinmu wannan ba ƙi ba ne. Kowa ya san yadda ake yi. In ɗan fari ya kawo wa uwa babban abu, ba ta miƙa hannu ta karɓa. Za ta tura shi ga wadda ta riƙe shi. Ita kuma mai riƙon ta taso ta zo ta ce haba, ai ke kika haifa. Uwa ta sake ƙi. A samu wani babba a gidan ya sa baki. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce, to, tunda kun matsa. Haka uwata ta yi da saniyar da babban wanmu ya saya mata, sai da aka yi mako ana kai da kawowa, kuma tun ranar farko ta sa an gyara turke. Ni ma turkena a gyare yake. Jira kawai nake a matsa.

Na kasa kunne ina jiran ɗiyar ta sake roƙo. Sai kawai ta ce, "To, Malama." Ta yi mini sai an jima.

Na jira. Talata na share tsakar gida sau biyu, na sa an yanka zabo, don na san yayata za ta zo. Ba ta zo ba. Laraba duk motar da ta tsaya bakin titi sai na ɗaga kai. Alhamis da hantsi yayar tawa ta kira. Ta ce, "Ke wace irin mutum ce? Yarinya ta kira ni ta ce in shirya, ta sayi tikiti da sunana. Na ce mata ki koma ki sake roƙonta, ba ki san halin gidanmu ba? Ta ce mini, Inna, sau uku na canza wuri. Ba wurin ba ne ba ta so. Ba zan tilasta mata zama da ni ba."

Na tsaya riƙe da salular. Yayata ta ce, "Kira ta yanzu. Ki ce kin fasa ƙin. Ni ba ruwana da teku, amai ma nake yi a mota." Kalma uku ce, da na faɗe ta da an san yadda za a yi. Amma ni, uwa, in kira ɗiyar fari in ce ina so? Ga haushi ya turnuƙe ni, na ita da ba ta san al'adar gidan ubanta ba, da na yayata da ta rene ta ba ta koya mata ba. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ku gaida mai masaukin." Na shiga ɗaki na zauna bakin gado, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mijina.

Suka tafi. Hotuna suka riƙa zuwa, yayata a bakin ruwa ta tattare zane tana washe baki kamar ƙaramar yarinya. Ni ba ita nake kallo ba. Ɗiyar nake buɗawa da yatsu biyu, ina duba kumatunta, ina duba hannunta ko akwai alamar allura. Har lokacin ban saki zargina ba. Na ce ai yanzu ta gaya wa innarta, in sun dawo zan ji.

Da suka dawo na hau mota zuwa Maraɗi, na sake wata zuwa Gidan Rumji, wai na je sannu da zuwa. Ɗiyar ta riga ta tsaya Yamai. Yayata ta zube mini tsaraba, kanumfari da wani zane mai rubutu a gefe, tana ta ba ni labarin kifin da ya fi akuya girma. Na bari ta gama. Na tashi na saki labule na ce, "Yanzu gaya mini. Ciwo ne ko aure?"

Ta dube ni ta ce, "Ba ko ɗaya."

Na ce, "Kar ki raina mini hankali. Kwana bakwai a ɗaki ɗaya, me ta ce miki?"

Ta ce, "Tambaya ta yi ta yi. Duk a kanki. Da rana in zafi ya yi muka shiga ɗaki, sai ta kwanta a gadonta ta juyo wajena. Wai ranar da aka haife ta wace rana ce. Da safe ne ko da yamma. Kin sha wuya ko ba ki sha ba. Wai da aka miƙo miki ita, kin dube ta? Kin ce wani abu?" Ta gyara ɗankwali ta ce, "Na ce mata ban sani ba. Ina nan Gidan Rumji lokacin, sai ranar suna na je Tibiri. Uwarmu ta rasu, ungozomar ta rasu. Ta ce ai ta sani, mutum ɗaya ya rage da ya san wannan."

Na ce, "Shi ke nan?"

Ta ce, "Shi ke nan. Ɗiyarta ta fari ce ta tambaye ta irin haka, ta ba ta labari tun daga naƙuda har wanka. Da ta gama sai ta ga ita ba ta da nata."

Ban iya cin abincin da aka kawo mini ba. Na fita bayan ɗakin yayata inda ta ɗaure awaki, na tsaya a inuwar bedi. Rana tsaka ce, na san ɗiyar tana wurin aiki. Na kira. Ta ɗauka ta ce, "Malama, lafiya?" Na ce lafiya, ya gajiyar hanya. Ta ce gajiya ta bi lafiya. Ina jin ana magana da Faransanci a bayanta.

Na ce, "Lahadi ce. Da hantsi. An yi ruwa da asuba, ƙasa ba ta bushe ba."

Na ƙara manna salular a kunne.

Na ce, "Da aka miƙo ki na juya fuska bango, don tsofaffi sun cika ɗakin. Da suka fita ɗora ruwan wanka, na jawo ki na buɗe zanen. Na duba yatsunki ɗaya bayan ɗaya. Na sa hancina a kanki, ban ɗaga ba sai da na ji tafiyarsu."

Na ji an ja kujera, na ji ƙarar ƙofa. Muryarta ta canza. Ta ce, "Tsaya. Kar ki kashe. Bari in fita waje."

Na ce ina nan, ban kashe ba.